"Masta, wanne ya fi duka?"

Shekara 14 ke nan ina riƙe da wannan ɗakin horon kung fu, wato dabarun faɗan Sinawa, a Kano, kuma da wuya mako ya wuce wani bai leƙo da tambayar nan ba: "Masta, tsakanin Shaolin da Wing Chun wanne ya fi duka?" Wani ɗan sakandare ne da ya kwana yana kallon bidiyo a waya. Wani magidanci ne da aka tare shi a adaidaita sahu jiya da magariba aka karɓe masa waya, ransa a ɓace, yana so a koya masa abin ramuwa cikin sati biyu. Ba na amsawa da baki. Safar dambe nake miƙa masa, in kira ɗaya daga cikin yarana, in ce, "Bismillah, minti ɗaya kacal, ka taɓa fuskarsa." Kafin mintin ya cika haki ya ci ƙarfinsa, hannuwa sun sauka. Daga nan hira take yin daɗi.

Ni ma da irin wannan zumuɗin na fara. Malamina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Sharaɗa tare da mutanen Hong Kong, a wurin wani dattijonsu ya ɗauki salon faɗan Hung Gar da ɗan Wing Chun. Ranar da na fara zuwa wurinsa na zaci tsalle za a koya mini. Tsayuwar doki ya sa ni: ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe kamar kana kan sirdi, baya a miƙe. Wata uku ban yi komai ba sai wannan, bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, da kofin ruwa a kan kowace cinya. In ruwa ya zube a sake daga farko. Na sha yin ƙwalla a wurin nan. Amma har yau, da furfura a gemuna, matashi mai nauyin buhun shinkafa biyu yakan ture ni ya ji kamar ya jingina da katanga. Wannan tushen ba a sayensa, kuma shi ne abin da yaran nan masu buɗe kulob a filin firamare ba su da shi, don ba su taɓa tsayawa minti biyar a wuri ɗaya ba.

Bayan shekara shida a hannun Malam na fara jin kaina. Sai muka yi wasa da wani mahauci ɗan dambe a Sabon Gari, wasan raha ne, ko zare bai naɗa ba. Na ɗaga hannuwa yadda aka koya mini, ina jiran ya kawo naushi ta tsakiya in kautar. Bai zo ta tsakiya ba. Ta gefe ya zagayo da hannu, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, kunnena na ƙara. Da na ba Malam labari dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗana, yau ka fara karatu. Shekara shida kana dukan iska, shi kuwa tun yana yaro ake dukansa."

To, da wannan ma'aunin nake auna kowane salo: shin ɗalibinsa yana karawa da wanda ba ya ba shi haɗin kai?

Wing Chun salon kudancin ƙasar Sin ne, cibiyarsa Foshan a lardin Guangdong. Ip Man ne ya kai shi Hong Kong a 1949, a can Bruce Lee ya yi karatu a hannunsa, daga nan sunan ya zaga duniya. Hikimarsa tsare layin tsakiyar jiki, hanci, maƙogwaro, ƙirji, da kai naushi ta hanya mafi gajarta. Akwai atisayen da suke kira chi sao, inda hannunka ke manne da na abokin wasa har ka koyi jin niyyarsa ta fata kafin ido ya gani. Ina son wannan atisaye ƙwarai, kuma a wuri mai matsi, cikin lungu ko bayan mota, in mutum ya cakumi kwalarka, yana aiki. Matsalar Wing Chun biyu ce. Tsayuwarsa a miƙe take, haɓa a waje, kai ba ya motsi, shi ya sa mahaucin nan ya same ni a ɓagas. Sannan yawancin masu koyar da shi suna gwada ɗalibi ne da wani ɗan Wing Chun, mai kawo naushi irin na Wing Chun. Ɗan daba bai karanta wannan darasin ba.

Shaolin kuwa sunan gidan ibadar mabiya Buddha ne a dutsen Song, lardin Henan, wanda aka gina a shekara ta 495. Abin da ake nunawa yau da sunansa, tsalle-tsalle da juyi a sama, ya fi kusa da wushu na gasa, inda alƙalai ke ba da maki a kan kyan motsi. Yana gina jiki, yana sa laushin gaɓɓai, yara suna sonsa, ina koyar da shi ranar Asabar. Amma ban taɓa ce wa uban yaro zai kare ɗansa a hanya ba.

Tai chi ne aka fi zalunta, kuma masu shi ne suka zalunce shi. Asalinsa ƙauyen Chen ne a Henan, kuma na asalin akwai kama da kayarwa a cikinsa. A 1956 hukumar wasannin ƙasar ta tsara gajeren jeri mai motsi 24 don lafiyar jama'a, shi ne wanda ake ganin tsofaffi suna yi a lambu da sassafe. UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2020. Ina da dattawa shida masu zuwa saboda shi, ɗaya likitansa ne ya ce masa ya riƙa motsa jiki, kuma sun ce suna jin sauƙin gwiwa da barci. Wannan amfani ne babba. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da malami ya fara cewa yana da wani ƙarfi na ɓoye da ke jefar da mutum ba tare da taɓawa ba. A watan Afrilun 2017 a birnin Chengdu, wani mai faɗan gauraye, wanda ake haɗa dambe da hauri da kokawa, Xu Xiaodong, ya kara da Wei Lei, mai kiran kansa malamin tai chi. Ba a cika rabin minti ba malamin yana ƙasa yana kare kansa da hannu. Bidiyon ya tayar da ƙura a ƙasar Sin, Xu ya sha matsin lamba a kai. Ni da na kalla, kunnena na tuna.

Wanda nake ɗora sabon ɗalibi a kai in kare kai ya kawo shi, sanda ne, kuma kada sunan ya ruɗe ka, ba sandar makiyayi ba ce, kalmarsu ce ta faɗan sake. A wurin horar da sojoji aka gyara shi kafin ya zama wasa mai doka. Ana yinsa a kan dandamali mai faɗin mita 8 kowane gefe, turmi uku, kowanne minti biyu, da naushi da hauri da kayarwa, kuma in ka tura abokin karawa ya faɗo daga dandamalin ka ci maki. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin hauri shi ne kama ƙafa: ka kawo shuri, a cafke, a taɗe ɗayar, ka ji ka a ƙasa. Ɗan sanda, ina nufin mai wasan ba mai kaki ba, tun watansa na uku ake dukansa da gaske, saboda haka ranar da aka mare shi a titi jikinsa ba ya sanyi. Gibinsa shi ne ba a ci gaba da faɗa a ƙasa.

Ɗan'uwansa shi ne shuai jiao, kokawar Sinawa, wadda ake yi da gajeriyar riga mai kauri, ta shahara a Baoding da Bejin da Tianjin. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar takobi ta Nijar zai gane rabin dabarunta nan take. Yaran ƙauye da suka taso suna kokawa bayan girbi su ne suka fi saurin ɗauka a wurina, abin da nake ƙara musu kawai yadda ake amfani da rigar mutum a kayar da shi. Kuma a titi kowa da riga yake yawo.

Wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki: Musulmin ƙasar Sin, 'yan ƙabilar Hui, suna da hannu dumu-dumu a wannan fanni. Salon Chaquan na lardin Shandong nasu ne, haka Bajiquan na Mengcun a yankin Cangzhou, salon gwiwar hannu da kafaɗa da ake shiga jikin mutum da shi kamar rago ya kai karo. Mai tsaron lafiyar Puyi, sarkin ƙasar Sin na ƙarshe, ɗan Bajiquan ne. Wannan nakan faɗa wa iyayen da ke tsoron ko za a koya wa 'ya'yansu sujada ga gunki. A ɗakina sallama ake yi, ba a rusuna wa kowa.

Iyayen nan dai su ne ke ƙure haƙurina wani lokaci. Alhaji zai zo ya ce, "Masta, ai can unguwarmu rabin kuɗinka ake karɓa, kuma wata uku an ba yaro baƙin bel." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, bel ɗin a Kwari ake sayar da yadinsa." Asalin kung fu ma bai san bel mai launi ba, daga judo ta Japan aka aro. Masu rabin kuɗin nan a kan siminti suke kayar da yara, ba katifa, ba kariyar haƙori, ba hular kai. Bara an kawo mini yaro ɗan shekara 12 da targaɗe a wuyan hannu, wai an sa shi fasa bulo don a ɗauki bidiyo. Araha ba ta ado. Ni safar da nake sa wa yara sai na farke ɗaya na ga abin da ke ciki kafin in sayi sauran, tun da wani dila ya taɓa kawo mini guda 20 da aka cusa wa tsumma, cikin wata guda duk suka fashe.

Shi kuwa magidancin da aka karɓe wa waya, darasinsa na farko ba ya masa daɗi. Nakan ba wani yaro alli ya riƙe a matsayin wuƙa, in ce ya ƙwace. Bayan daƙiƙa goma sai mu ƙirga zanen da ke jikin rigarsa, ciki, haƙarƙari, dantse. Ni kaina da shekaruna a wannan harka ba na fita ba zane. Saboda haka in wuƙa ta fito, a miƙa wayar. Abin da muke horarwa shi ne lura da wanda ke bin ka, tazarar da za ka bari, yadda za ka ɓalle in an riƙe ka, yadda za ka faɗi ba ka fasa kai ba, ka tashi ka ruga. Mata muna da ajinsu daban ranar Lahadi da safe, ƙanwata ce ke jan su, kuma ɓalle riƙo ne rabin karatunsu.

Gungumen atisayen dukan Wing Chun da ke kusurwar ɗakin, mai hannu uku da ƙafa ɗaya, na Malam ne. Da icen maɗaci wani kafinta ya sassaƙa masa shi, sai da aka lalata biyu kafin a dace da kusurwar hannuwan. Wajen da Malam ya fi duka ya yi santsi har yana sheƙi. Sabon ɗalibi ba ya taɓa shi sai ya cika shekara, kuma sai ya yi karawa 30 da safa a hannu, ina rubutawa a littafi.