Darasin naƙuda da fuskokin da suke kallona

Na daɗe ina koyar da mata masu juna biyu shirin haihuwa, kuma har yau darasin da yake hana ni sakat shi ne na naƙuda. Bayanin kansa ba shi da wahala. Nakan ɗaga wani zoben roba mai faɗin santimita 10, in ce musu iyakar buɗewar bakin mahaifa ke nan kafin a ce wa mace ta yi nishi, sannan in bi da su daki-daki har zuwa faɗowar mabiyiya. Wahalar tana kan fuskokin da suke kallona. Akwai ranar da wata mai cikin fari ta karɓi zoben, ta jujjuya shi a tafin hannunta, ta mayar mini ba ta ce uffan ba, kuma har aka tashi ba ta ƙara ɗago kai ba. Na tabbata duk abin da na faɗa bayan wannan bai shiga kunnenta ba.

Kowace mace da tsoronta take shigowa, domin kafin ta zo wurina ta riga ta ji labarin wadda ta kwana biyu a kan gwiwa da na wadda aka yi wa tiyata cikin dare. Tun a shekarun 1930 wani likitan Ingila mai suna Grantly Dick-Read ya bayyana cewa tsoro yana ɗaure jiki, ɗaurewar tana ƙara zafi, zafin kuma ya sake hura tsoron. Daga baya Fernand Lamaze, likitan Faransa da ya ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1951, ya yaɗa dabarar sarrafa numfashi da muke koyarwa har gobe. Numfashin yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya ɗauke ciwo, kuma malamar da ta bar ɗalibanta suka tafi da zaton yana ɗaukewa ta cuce su.

A nan ne nake shan jarrabawa. Idan mace ta dube ni ta ce, "Malama, don Allah zafin ya kai yadda ake faɗa?", zuciyata takan so in ce mata ba komai ba ne, don in ga ta saki jiki. Amma wadda aka ruɗa da daɗin baki, ranar da mara ta fara murɗawa da gaske sai ta ɗauka wani abu ne ya lalace, ta kuma daina yarda da sauran abin da na koya mata. Saboda haka nakan ce mata da zafi, sai dai zuwa yake yana lafawa, kuma a tsakanin kowace murɗawa akwai hutun da za ta iya amfani da shi.

Alamomin haɗari ma dole in faɗe su ƙarara: zubar jini, ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, jijjiga, da raguwar motsin jariri. Nakan zuba ruwa rabin lita a kan tsumma su gani da idonsu, domin jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa shi ake kira zubar jini mai haɗari, kuma shi ne kan gaba wajen hallaka mata a haihuwa a duniya. Ɗakin yakan yi tsit, ni ma ba na jin daɗin wannan shirun, amma ban taɓa tsallake darasin ba.

Lokaci kuma ba ya isa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin zuwa awon ciki daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki, amma da yawa sai ciki ya tsufa nake ganinsu. Ga shi kuma mai naƙuda ba ta cika tuna darasi ba, shi ya sa nake nacewa kowace ta zo da wanda zai tsaya mata ranar, miji ne ko uwa ko 'yar'uwa, don ya san lokacin da zai tuna mata numfashi da lokacin da zai kira ungozoma da gaggawa.

Tun ranar da waccan baiwar Allah ta mayar mini da zoben na sauya tsari. Yanzu sai na fara nuna yadda ƙasusuwan kan jariri suke da laushi har suna ɗan hawa juna a hanyar fita, sannan in fito da zoben. Na kuma daina saurin tattara kayana idan an tashi, domin tambayoyin da suka fi nauyi a bakin ƙofa ake yi mini su, da murya ƙasa-ƙasa, bayan sauran sun watse.