Daga Tawa zuwa bakin ruwan Abijan

Albasa ce ta kai ni Abijan, kamyo guda muka yi lodi a Galmi ni da yayana, muka bi ta Dosso, Yamai, Wagadugu, Bobo, har Buwake, tahiya dai ta kwana da kwanaki, ga duwan ga jandarma ga zullumin kada kaya su ruɓe. Wannan duk ɗan Adar ya san shi, ba sai na ja ba.

Da muka sauke kaya a Ajame sai kawuna da ya shekara sama da 20 can ya ce, ɗana zo ka ga ruwa tunda kai mutumin tudu ne. Ya kai ni bakin lagin ɗin nan Ebriye, wato babban tabki mai haɗe da teku, da ya ratsa garin. Wallahi na yi murna da farko, amma da muka matsa kusa sai ga leda da buhuna da wani baƙin mai yana yawo bisa ruwa, magudanan unguwanni da na masana'antu duk nan suke zubowa, kuma ga masunta can cikin kwalekwale suna jefa taru abinsu.

Nan ne ya ba ni labarin 2006. Wani jirgin ruwa Probo Koala, da kamfanin Trafigura ya ɗauko haya, ya so sauke dattin sinadari a Amsterdam, da aka tsawwala kuɗin sarrafa shi sai ya kwaso abinshi ya iso Abijan cikin watan Agusta. Da dare motocin tanka suka bi gari suna zubarwa, har da babban jujin Akwedo. Mutum fiye da 100,000 suka tahi likita da amai da ciwon kai da ƙaiƙayin fata, gwamnati ta ce an rasa rayuka. A 2007 kamfanin ya biya sefa miliyar 100 ba tare da ya amsa laifi ba, ƙasar da ta gurɓata kuwa sai da aka haƙe ta aka kai Faransa aka ƙone. Duba hwa, tun 1991 akwai yarjejeniyar Bamako da ta hana shigo da irin wannan shara Afirka, amma ya shigo.

Sai kawu ya ce wancan da sauƙi ɗana, tunda yana wari kowa ya gudu. Wanda ba ya wari shi ne matsala. Man tsofaffin taransifoma da ake kira PCB, da maganin ƙwari irin DDT, ba su ruɓewa, suna kwantawa cikin laka shekaru da shekaru, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙaramin, gubar ta taru cikin kitse har ta iso tukunyar mutum, har nonon uwa. Saboda su aka yi yarjejeniyar Stockholm a 2001, aka tsaida 2025 a daina aiki da na'urorin PCB, 2028 a gama lalata su. Share su daga ruwa kuma aiki ne mai cin kuɗi, sai an yashe lakar an ƙone ta da wuta mai tsananin zafi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai, mu da ba mu da teku muna ganin kamar ba ruwanmu, alhali kifin ƙanƙara da ake saidawa kasuwar Tawa daga teku yake zuwa, kuma kogin Isa da ya ratsa Yamai cikin teku yake ƙarewa. Na tuna galan-galan na maganin feshi marasa takarda da muke saye muna zuba ma albasa, mu wanke galan ɗin mu sa ruwan sha.

Ranar da muka dawo gida na tara galan-galan na gidanmu guda 4, na huda gindinsu da ƙusa.