Darasin yuropiyam a duwatsun wata

Darasin farko ga mai nazarin duwatsun wata shi ne tsabta. Daga 1969 zuwa 1972 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka sun kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, kuma mafi yawansa na ajiye a Houston cikin akwatunan da aka cika da busasshiyar iskar naitirojin. Dalili kuwa, akwai ƙwayoyin ƙarfe zalla a cikinsa, da sun shaƙi danshi sai tsatsa. Baƙin ƙarfe marar tsatsa da alminiyam da robar Teflon ne ake yarda su taɓa samfur. Ɗan ɓurɓushin dalma daga waje ya isa ya ɓata lissafin shekarun dutse.

Babban darasin yana ga yuropiyam, wani sinadarin ƙarfe da ake samu ɗan kaɗan a cikin duwatsu. Farin dutsen tuddan wata, anotosait, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa ma'adinin filajiyokilas ne mai yawan kalsiyam. In aka auna shi, sai a ga yuropiyam ya yi masa yawa. In aka auna baƙin dutsen kwarurruka, sai a ga ya yi ƙaranci. To ina ya tafi? A duniyar wata, iskar oksijin ta yi kaɗan, don haka yuropiyam kan ɗauki caji biyu irin na kalsiyam, ya shige gurbinsa a filajiyokilas. Ke nan an riga an kwashe shi zuwa sama tun kafin tushen baƙin dutsen ya daskare a ƙasa.

Wannan ne ya ƙarfafa ra'ayin da masanin kimiyya John Wood ya kawo a 1970, bayan ya tsinci fararen gutsattsari a ƙasar da Apollo 11 ya ɗebo: wata ya taɓa zama tekun narkakken dutse. Ma'adinan olibin da fairoksin suka fara daskarewa, suka nutse saboda nauyi. Sai da kusan kashi uku cikin huɗu ya daskare filajiyokilas ya fito, ya taso sama kamar man shanu a nonon da aka kaɗa. Shi ya zama ɓawon wata, wanda kumbon GRAIL ya auna kaurinsa tsakanin kilomita 34 zuwa 43.

Inda aikin ke cizo shi ne ƙididdige shekaru. Anotosait ba shi da sinadaran da ake auna shekarun dutse da su da yawa, sai an tsinci ƙwayoyin fairoksin da hannu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ga shi faɗowar duwatsun sama ta farfasa yawancinsu ta gasa su. Samfur mai lamba 60025 ya ba da shekara biliyan 4.36, ƙasa da abin da aka zata, shi ya sa a ganina bai kamata a koyar da lokacin daskarewar tekun kamar magana ce da aka kammala ba.