Zaɓen na'urar sarrafa iska a masana'antun Kano

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma aikinmu shi ne tsarawa da girka na'urorin sarrafa iska, waɗanda masu sana'ar ke kira AHU, a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Na'urar dai babban akwatin ƙarfe ce mai ɗauke da filta da kwayil mai sanyaya iska da fanka, amma girman da aka ba kowane sashe da yadda aka jera su ne ke ƙayyade kuɗin wutar da mai masana'anta zai riƙa biya muddin na'urar tana aiki. Da can farashin saye kaɗai ake tambayarmu. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga kuma tsadar man dizal na janareta, masu masana'antu sun fara sauraron bayanin abin da na'ura za ta ci a wata.

A ganina, ƙura ce ke zaɓa mana na'ura a Kano, ba zafi ba. Idan hunturu ya kankama, ka buɗe ƙofar akwatin, za ka tarar filtar gaba ta yi jawur, ƙura ta dame ta har ba a ganin saƙarta, allurar ma'aunin matsin iska kuwa ta haura sama. Toshewar nan ita ce ke rage iskar da ke isa wurin ma'aikata, ko ta tilasta a ƙara wa fanka gudu. Saboda haka muke ba da shawarar a ɗauki akwati mai faɗi, yadda gudun iskar da ke ratsa kwayil ba zai wuce mita 2.5 a daƙiƙa ba, a sa filta G4 mai wankuwa a gaba don tare manyan ƙwayoyin ƙura, a bi ta da filta F7 mai kamar jaka don tare ƙananan. Babban akwati ya fi tsada, ya kuma fi cin wuri, wannan gaskiya ne, amma fankarsa ba ta shan wahala.

Lissafin fanka kuwa ba ya ƙarya: idan aka rage gudunta da kashi 20 cikin ɗari, wutar da take ja tana sauka kusan rabi. Shi ya sa ba ma girka fanka ba tare da inbata mai daidaita gudu ba, musamman a masana'antar da aikinta ke raguwa da dare.

Sanyaya iska ta hanyar bi da ita ta jiƙaƙƙen allo tana da araha ƙwarai, tana kuma aiki sosai daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin da iska ta bushe, amma da damina ta sauka, musamman a watan Agusta, sai ta ƙara wa ɗakin gumi kawai. Akwai kuma faifai mai juyawa da ke kwashe sanyin iskar da ake fitarwa ya ba wadda ke shigowa, wanda dillalai ke yawan tallatawa. Muna sa shi inda iskar ɗaki take da tsabta, amma ba ma yarda da shi a majemun fata na Challawa, domin yakan ɗauko kaɗan daga wari da sinadaran da ake ƙoƙarin korewa ya dawo wa ma'aikata da su. A irin wannan wuri kwayil biyu muke sawa, ɗaya a bututun shiga ɗaya a na fita, ruwa na zagayawa tsakaninsu, iskar biyu kuwa ba sa haɗuwa.