Kafin ka ɗora wa fetur laifin shan man motarka

Da zarar mota ta fara zuƙar mai, maganar da ake ji a garejin Bauchi guda biyu ce: ko fetur ɗin gauraye ne, ko sensar iskar oksijin ta mutu. Dukansu na faruwa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Inji yana son iska kashi 14.7 a kan kowane kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Sensar iskar oksijin, wadda ke ɗaure a jikin salansa kafin tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, ita ke sunsunar hayaƙi ta kai wa kwamfutar mota labari. In oksijin ya yi saura da yawa sai kwamfuta ta ƙara mai, in ya yi kaɗan ta rage. Lafiyayyar sensa irin ta da lantarkin da take fitarwa yana kai-komo da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9, kuma ba ta fara aiki sai ta ɗauki zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Celsius.

Shi etanol, sinadarin da ake gauraya wa fetur, yana ɗauke da oksijin a jikinsa, ƙarfinsa kuma bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur mai etanol kashi 10 cikin 100 yana son iska 14.1 ne, don haka sensa za ta sa a ƙara feshi. Aikinta ke nan. Asarar kusan kashi 3 cikin 100 ce kawai: motar da ke shan lita 12 daga Bauchi zuwa Gombe ba za ta ƙara ko rabin lita ba. In ƙarin ya kai lita uku, nemi ciwon a wani wuri.

Galibi sensar lafiyarta lau, ƙarya ake yi mata. Tsaga ko sakakken gasket a salansa kafin wurin da take yana shigo da iskar waje, ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ɗura. Abin da ya fi damuna shi ne cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Injin da ba ya kai zafinsa, musamman da asubar hunturu, kwamfuta tana ɗaukarsa a mai sanyi ta ci gaba da ba shi mai da yawa. Leƙa bakin salansa ka shafa yatsa: baƙin tokar da ya manne maka, busasshe kamar na gindin tukunya, kuɗinka ne.

Kada ka sayi komai sai an jona na'urar gwaji. A duba LTFT, wato yawan ƙari ko ragin mai da kwamfuta ke yi na dogon zango. In bai wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, ba laifi. A cikin lambobin matsala da na'urar ke nunawa, P0171 na nufin mai ya yi kaɗan, sai a bi tiyo-tiyon iska, famfon mai da nozul. P0133 sensa ce ta yi nawa, P0135 hitar da ke ɗumama ta ce ta samu matsala. P0420 maganar indomi ce, canza sensar gaba, wato wadda ke kafin indomi, ba ya share ta.

In ta tabbata sensar ce, a kwance ta da soket mai lamba 22 inji na da ɗumi-ɗumi, a sayo ta da lambar da ke jikinta. Yawancin Toyota na baya-bayan nan sensar gabansu wata iri ce daban, ba ta karɓar ta gama-gari da ake yanke waya a haɗa. A kuma gano abin da ya kashe ta: baƙin mai da inji ke ƙonawa, ruwan lagireto, ko gam na silikon.

Inda etanol ke cuta da gaske shi ne jan ruwa. Fetur ɗin da ya daɗe a buɗaɗɗen galan da damina yakan rabu biyu, ruwa da etanol su kwanta a ƙasa, a tankin mota kuwa nan ne famfo ke zuƙa. Gwajinsa a gida: zuba ruwa kaɗan a kwalba, ka yi alama a iyakarsa, ka ƙara fetur ninki tara, ka girgiza ka ajiye minti goma. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol ko ɗan'uwansa metanol a ciki.