Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ƙidayar ƙauyenmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ƙidayar gida-gida da muka ɗauko a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Sennar, ta kammala, littafin kuma yana hannun kwamiti. A madadinsu nake wannan godiya.

'Yan'uwa na nesa suna ta tambaya me ya kai mu ƙirga kanmu. Rabon Sudan da ƙidayar ƙasa tun ta 2008, wadda ita ce ta biyar, tun Kudu ba ta ɓalle ba a 2011. Jaririn da aka goya ranar yanzu ya isa riƙe garma. Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya turo mana mutanen Khartum, daga baya na Madani, har gidan mutum takwas ya koma ɗaukar ninkinsu. Amma idan taimako ya zo, da tsohon lissafi ake auna mana, buhu ya ƙare layi bai kai rabi ba.

Godiyar farko ta Mai Gari ce, Allah ya ja zamaninsa. Dattawa da yawa sun ƙi da farko, kuma ban ga laifinsu ba. Kakanninmu sun zo ƙasar nan tun hijirar bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, wasu kuma kan hanyar Makka suka yada zango, amma har yau akwai wanda idan ya ga takarda da biro sai gabansa ya faɗi, yana zaton za a sake tambayarsa jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Mai Gari bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi a fara da gidansa, ya zauna kan tabarma a zaure ya lissafo iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo. Liman ya ƙarasa sauran aikin a huɗubar Juma'a.

Amma in za a faɗi gaskiya, mata ne suka ɗauki nauyin. Samarinmu iyakarsu zaure, malaman makarantar 'yan mata su ne suka shiga cikin gidaje. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma sai ta tsallake shi gaba ɗaya don kunya, sai malama ta juya wajen kishiya ko maƙwabciya ta cike gurbin. Inna ungozoma kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ta warware mana shekarun yaran da ba su da takardar haihuwa: wannan shekarar ambaliya, wancan bayan Babbar Salla.

Mun gode wa masunta da suka kai mu ƙetare da kwalekwale ba ko sisi, da mai karo, wato amalanke, da ya bi masu kwana a gonakin dawa, da malamin tsangaya da ya ware mana almajiran gari da baƙi don kada a rubuta yaro sau biyu. 'Yan'uwanmu na Jidda da Makka da suka aiko kuɗin takarda da shayi, Allah ya mayar muku da alheri.

An rubuta baƙinmu a shafi dabam, ba don wariya ba, sai don wasu sun fara komawa gida tun da hanyar Madani ta buɗe. Duk wanda ya tashi ya sanar da mai unguwarsa. Wanda aka tsallake, ko aka yi masa haihuwa bayan mun wuce, ya same mu a zauren Mai Gari bayan La'asar kafin Alhamis, don ranar za a miƙa kwafi ga masu rabon abinci.