Kalmar "busy" da zamana a Liverpool

Watana biyu da sauka a Liverpool na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata, wata dattijuwar baturiya, niyyata kawai in gaisheta don kwana uku ban ji motsinta ba. Ta ɗan buɗe ƙofa, waya a kunnenta, tace "sorry love, I'm busy" ta mayar ta rufe. Wallahi raina ya ɓaci sosai, na koma ɗaki ina ta saƙe-saƙe, ko hijabina ne, ko bata son baƙi, don ni a kunnena bizi ɗin nan kora ce da ladabi.

Washegari sai gata da kanta da ɗan littafin da take rubuta abubuwan da zata yi, wai Alhamis ƙarfe 3 zan samu zuwa? Ashe da asibiti take waya ranar. Alhamis ɗin kusan awa biyu muka yi muna hira. A nan na gane in suka ce busy yawanci nufinsu wannan lokacin yana da mai shi, ki nemi wani za'a baki.

Kalmar kuma ta fi yadda na ɗauka faɗi. Mu da muke cewa ina bizi mutum kaɗai muke nufi, su titi ma busy ne in motoci sun yi yawa, shago busy ne in ya cika da mutane, har rana guda sai suce busy day. A gidan kula da tsofaffi da nake aiki wata in ta wuce ni sai tace "keeping busy?", da farko na zata tuhuma ce ko ana ganin ina zaman banza, ashe gaisuwa ce kamar sannu da aiki, kice eh kiyi murmushi shikenan. Wata abokiyar aiki ta gyara min, busy with abu ake cewa ko busy doing, ni kuwa busy to do nake ta faɗa. Rubutun ma da u ne amma bizi ake furtawa, kuma daga ita aka samo business. Busybody kuwa ki kiyaye, mai shisshigi ce, ba yabo bane sam. Layin waya in ana kai Amurkawa ke cewa busy, nan Ingila engaged suka fi cewa. Mutanen Liverpool har 'yan sanda bizzies suke kiransu.

Yanzu nima ina faɗarta a wurin aiki ba tare da jin nauyi ba. Amma in Yaya ta kira ina tsakiyar aiki bana iya ce mata ina bizi, don ban manta yadda naji a bakin ƙofar nan ba, sai ince Yaya kiyi haƙuri, ƙarfe 9 in na tashi zan kira ki, kuma ina kiran.